Abin da Mai Kitso Ta Gani a Kan Gwaggo

Makon jiya na yi muku alkawari yau za mu yi zancen yadda ake fid da tabon manja daga farin yadi. To, ku gafarce ni, wani tabo dabam ya sha gabansa, shi kuwa sabulu ba ya fid da shi.

Ran wata Asabar na raka Gwaggona, yayar mahaifina, gidan mai kitso a nan lungunmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Matar nan ta fi shekara goma tana yi wa Gwaggo kitso, har ta san kan Gwaggo fiye da yadda Gwaggo ta san shi. An tsefe, an taje, ta ɗauki kibiya tana tsaga, muna ta hirar tsadar tumatir a kasuwar Tarauni, sai na ga ta tsaya cik, ta karkata kan Gwaggo wajen haske.

Ta ce, "Hajiya, wannan tawadar ta saman kunnenki, bara ba haka take ba."

Gwaggo ta ce, "Tawadar Allah ce, tun ina budurwa take nan. Ci gaba da aikinki, rana na yi."

Mai kitso ta ce, "Na san tana nan, Hajiya, ai kullum ina kewaye ta da kibiya. Da kamar ƙwayar gero take. Yanzu ta kai ƙwayar wake, gefe guda ya fi baƙi, ga shi mataji ya ɗan taɓa ta ta yi jini. Malama, zo ki gani."

Na leƙa, na gani, gabana ya faɗi. Na tuna da wani darasi na kiwon lafiya da aka yi mana a kwalejin horon malamai, wanda a lokacin na ɗauka zancen Turawa ne, bai shafe mu ba. Tun daga ran nan nake ta karatu da tambaya, abin da na samo kuwa shi ne na kawo muku yau.

A cikin fatar kowane ɗan Adam akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi ƙanana, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, aikinsu yin launi. Su ke sa wani ya zama baƙi, wani wankan tarwaɗa, wani fari. Inda suka taru wuri guda, nan ne tawadar Allah ke fitowa, kuma kusan dukan tawadar da ke jikinmu ba ta da wata illa har mu tsufa. Amma wani lokaci ƙwayoyin nan su kan lalace, su yi ta haihuwa ba tsayawa, su nutsa cikin nama, daga nan su bi jini da hanyoyin kaluluwa su tafi hanta, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne irin ciwon dajin da likitoci ke kira melanoma. Cikin ciwace-ciwacen daji na fata ba shi ya fi yawa a duniya ba, amma yana cikin waɗanda suka fi kisa.

Kada in tsorata ku a banza, bari in fara da abin da zai kwantar da hankali. Ciwon nan ya fi kama fararen fata nesa ba kusa ba. A Amurka, inda ake lissafin abin sosai, an ce cikin Turawa mutum 1 cikin 33 zai gamu da shi a tsawon ransa, amma cikin baƙar fata 1 ne cikin 1,000. Baƙin nan namu da waɗansu ke ƙi, laima ce Allah ya ba mu, tana tare zafin hasken rana da ke ɓata ƙwayoyin fata. Sai dai lissafin nan yana da wutsiya. A can Amurka ɗin, cikin Turawa 100 da ciwon ya kama, kamar 94 suna nan da ransu bayan shekara 5, amma cikin baƙar fata kamar 70 ne kurum. Babban dalili kuwa, baƙin mutum ba ya tsammaninsa, wanda zai duba shi ma ba ya tsammani, sai abu ya yi nisa.

A nan gida ma an duba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ga shi nan maƙwabcinmu a titin Zariya. Likitocinsa masu binciken nama sun taɓa tattara ciwon dajin fata 125 da aka kawo musu daga 1998 zuwa 2002, suka buga sakamakon a 2004. Kashi 40 cikin 100 wani iri ne wanda ya kan tsiro a tsohon gyambo ko tabon ƙuna, kashi ɗaya bisa uku kuwa melanoma ne. Fiye da kashi 70 na dukansu a ƙafa suke. Watau mu, ciwon ya fi son tafin ƙafa, da diddige, da ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta da hannu a ciki. Haka ya yi wa Bob Marley, mawaƙin nan na Jamaika: a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafa ya soma a 1977, aka fara ɗauka raunin ƙwallo ne, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Saboda haka duk wadda za ta sa lalle, ta dubi tafin ƙafarta da kyau kafin ta ƙunsa, gama lalle na rufe abubuwa da yawa.

Na kai da wuya bai kai na ƙafa yawa a wurinmu ba, amma in ya zo ya fi wuyar sha'ani. A ƙasashen Turawa, kamar 1 cikin 5 na melanoma a kai ko wuya yake fitowa, ko da yake kai da wuya ba su kai kashi ɗaya bisa goma na fatar jiki ba. Dalili a fili yake, nan ne rana ke duka kullum. Ya fi kama tsofaffi, ya fi kama maza, tun ba masu sanƙo da masu yini a gona ko a kan babur ba. Hular nan ta mazanmu tana rufe tsakar ka, amma ta bar kunne da ƙeya da wuya a rana. Malafar Filani ta fi ta hikima. Bayan rana da shekaru, akwai gado, domin kamar mutum 1 cikin 10 na masu ciwon akan tarar wani danginsa na jini ya taɓa yi. Akwai mai tawada da yawa a jiki, akwai wanda aka haifa da ƙatuwar tawada mai faɗi, wani lokaci har da gashi a kanta, akwai kuma wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai ƙanjamau ko wanda aka yi wa dashen ƙoda.

Wurin da ciwon ya zauna a kai ma yana da magana. A 2008 waɗansu masu bincike a Amurka sun duba mutum fiye da 50,000, suka tarar wanda ciwon ya fito masa a fatar kai ko a wuya, kashi 83 cikin 100 ke kai shekara 5, na sauran wurare kuwa, har da fuska da kunne, kashi 92. Fuska kowa na ganinta, ke ma kina ganinta a madubi safe da yamma. Fatar kai kuwa gashi ya rufe, kitso ya rufe, ɗankwali ya rufe, hijabi ya hau bisa. Ga shi wurin cike yake da jijiyoyin jini da hanyoyin kaluluwa, ciwon na samun ƙofofin fita da yawa. Suturarmu na kare mu daga rana, wannan alheri ne, amma mace ta iya yin shekara biyar ba wanda ya ga fatar kanta sai mai kitso. Namiji kuwa, sai wanzami. A Ingila da Amurka har koya wa masu gyaran gashi ake yi yadda za su gane tabon da ya kamata a kai wa likita. Tamu mai kitson ba wanda ya koya mata, idonta ne ya san kima.

Akwai kuma wani iri da ya fi wannan ɓuya, wanda ba ruwansa da rana, ba ruwansa da fari ko baƙi. Shi a cikin hanci yake tsirowa, ko a ganɗa, watau rufin baki na sama, ko a dasashi. Ba shi da yawa ko kaɗan, amma mugu ne, cikin mutum 3 ko 4 da ya kama da ƙyar ɗaya ke kai shekara 5, don ba a ganinsa da wuri. Alamarsa a hanci ita ce toshewar kafa guda wadda ta ƙi buɗewa mako da makonni, da haɓo daga wannan kafar kaɗai, musamman ga wanda ya manyanta. Mu kan ce mura ce, ko hunturu ne ya busar da hanci. Mura dai ba ta zaɓen kafa guda ta zauna wata uku. A baki kuwa, kada mai baƙin dasashi ta firgita, yawancinmu haka aka halicce mu, har ado ne. Abin lura shi ne sabon baƙi a wuri guda, wanda ke faɗaɗa, ko ya yi tudu, ko ya yi jini, ko haƙorin kusa da shi ya soma girgiɗi.

Yanzu ga tambayar da kowa ke yi a ɓoye: in ya kama mutum, ana rayuwa? Amsar tana ga kaurin abin a ranar da aka yanke shi. Wani likita a Amurka, Alexander Breslow, shi ya gano haka a 1970. Ya riƙa auna zurfin ciwon cikin fata da madubin likita, sai ya ga cikin waɗanda ya duba, duk wanda bai kai milimita 0.76 ba bai dawo ba, bai kuma yaɗu ba. Kun san katin nan na cirar kuɗi a banki? Kaurinsa ke nan daidai. In kuwa zurfin ya wuce milimita 4, watau kati biyar ko shida an ɗora bisa juna, ko kuma saman ya fashe ya zama gyambo, to haɗarin ya ƙaru ƙwarai. Tsakanin kati ɗaya da kati biyar, wani lokaci 'yan watanni ne.

Lissafin Amurka na 'yan shekarun nan ya ce, in an sami ciwon yana nan inda ya tsiro bai motsa ba, fiye da 99 cikin 100 suna wuce shekara 5. In ya kai ga kaluluwar da ke kusa, kamar ta wuya ko ta gaban kunne, sai ya sauko wajen 75. In ya tafi nesa cikin jiki, wajen 35. Ku tuna kuma wannan lissafin ƙasar da ke da kowane irin magani ne. Kafin 2011, wanda ciwon ya bazu a jikinsa yawanci bai fi wata 6 zuwa 9 ba. Daga baya aka samo allurai masu tada garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda iyayenmu suka sani saboda yaƙin da ya yi da kurkunu a ƙauyukanmu tare da Janar Yakubu Gowon, a 2015 aka sami melanoma a hantarsa da ƙwaƙwalwarsa yana da shekara 90. Aka yi masa aiki, aka gasa wurin da haske, aka ba shi irin allurar nan, ya rayu har ƙarshen 2024, ya cika shekara 100. Labari ne mai daɗi, amma kuɗin allurar nan ya fi ƙarfin malamar makaranta da mijinta da danginsu duka. Abin da ke hannun talaka shi ne ƙaramin aiki da wuri: a kashe wurin da allura, a yanke tabon tare da 'yar lafiyayyar fata kewaye da shi, a ɗinke, mutum ya koma gida.

Nan fa muka yi rigima a gidanmu. Da na ce a kai Gwaggo asibiti, sai wata maƙwabciya ta dafa ƙirji ta ce, "Ke 'yar nan, rufa mana asiri! In daji ne ai ba ya son ƙarfe. Allura na taɓa shi sai ya haukace." Na san da yawanku kun ji wannan magana, waɗansu ma sun yarda da ita, kuma ban ga laifinsu ba, don sun ga an kai mutum asibiti an yi masa aiki, bai daɗe ba ya rasu. Amma a tambaya, yaushe aka kai shi? An yi shekara ana shafe-shafe da turare, an je wajen mai sassaƙe, an ɗaura, an kwance, sai da abu ya fashe ya yi wari, kaluluwa ta cika wuya, sa'an nan aka nufi asibiti. Ciwon ya riga ya yi tafiyarsa tun kafin wuƙar likita ta iso, sai wuƙa ta ɗauki laifi. Ƙarfen da ya kamata a guda shi ne askar wanzami da reza ta gida, da ɗaure tawada da zare don ta faɗi, da ɗiga mata ruwan batir ko kanwa. Waɗannan sai su cire saman su bar saiwar, su kuma ɓata naman da likita zai auna ya san ko mene ne.

To, yaya za ki rarrabe? Ƙananan baƙaƙen ƙurajen nan masu laushi da ke fito wa mata da yawa a kumatu da gefen ido da wuya in an fara manyanta, waɗanda za ki ga uwa na da su 'ya na da su, ba su da illa. Makero da amosanin ka da ƙurajen aski na ƙeyar maza, duk wata cuta ce dabam. Tawadar da ke zaune lafiya, zagayayya, launi guda, shekara da shekaru ba ta canza ba, ki bar ta. Wadda za ki sa wa ido ita ce wadda in kin raba ta biyu a zuci rabin bai yi kama da rabi ba, bakinta ya yi cako-cako, launinta ya gauraya, baƙi da ja da toka-toka. Girma ma abin dubawa ne, in ta wuce milimita 6, watau faɗin abin goge rubutu na gindin fensir. Amma abin da ya fi duka shi ne canji: ta ƙaru, ta yi tudu, tana ƙaiƙayi, tana jini, ko ta bambanta da sauran tawadar jikinki kamar baƙuwa cikin 'yan gida. Haka kuma duk miki a kai, ko kunne, ko leɓe, da ya yi wata guda bai warke ba, da kaluluwa mai tauri a wuya wadda ba ta ciwo kuma ba ta sauka.

Ba zan bar wannan zance ban ambaci 'yan'uwanmu zabiyoyi ba, gama su ne rana ta fi cuta a ƙasar nan. Su suna da ƙwayoyin launin, amma ba sa yin launin, saboda haka ba su da laimar da muke da ita. Melanoma bai cika kama su ba, in ma ya zo ya kan zo ja-ja ba baƙi ba, amma ɗaya irin dajin fatar yana cinsu ƙwarai, kuma a fuska da kunne da wuya da fatar kai ya fi fitowa, tun suna samari. Sa'ad da nake koyon aikin koyarwa, akwai wata yarinya zabiya a ajina, mai ƙoƙari ƙwarai, kullum gefen kunnenta da ƙeyarta a ƙone, har sun yi ɓawo. Ashe in an tashi makaranta talla ake ɗora mata da tsakar rana. Na je na sami mahaifiyarta, na ce, "Inna, ranar nan tana cin yarinyar nan." Ta ce, "Malama, wa ya taɓa jin rana ta kashe mutum?" Ba mugunta ba ce, ba wanda ya taɓa gaya mata. Muka shirya a kan talla sai bayan la'asar, da malafa mai faɗi bisa hijabi, da riga mai dogon hannu. In da hali a ƙara da man kariya daga rana. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 13 ga Yuni ta kowace shekara don zabiyoyi tun daga 2015, amma uwar da ke da zabiya a ɗaki, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ne nata aikin, kowace rana.

Ku kuma 'yan mata masu shafe-shafen bilicin, kun ji dai amfanin baƙin da kuke kankarewa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ce abin ya zama annoba a ƙasa. Mayukan nan suna sa fata ta yi sirara, rauni ya ƙi warkewa, ɗinki ya ƙi kamawa, fuska ta yi dabbare-dabbare har ba a gane sabon tabo daga tsoho. Likitoci a Dakar ta ƙasar Senegal sun ba da labarin matan da suka daɗe suna shafawa, dajin fata ya fito musu a wuya da wuraren da rana ke duka.

Mu koma ga Gwaggo. Kwana huɗu muna fama, sai da Baba ya sa baki da kansa, ya ce, "Yaya, in ba don kanki ba, ki je don mu." Ta ce ita dai ba za a aske mata kai ba. Muka je, muka yanki kati, muka bi layi tun da sassafe har azahar. Likitan fata ya duba wurin da wani ɗan madubi mai fitila, ya shafa wuyanta da bayan kunnuwanta yana neman kaluluwa, ya ce bai ji kome ba, ya kuma sa ta cire takalmi ya dubi tafin ƙafarta da faratanta. Ya tambaya wa ya fara gani. Da aka ce mai kitso, sai ya ce, "Hajiya, ki ƙara mata kuɗin kitso."

Ran Talata aka yanke. Gashin da aka aske bai fi faɗin murfin kwalba ba, aikin kuwa ko rabin sa'a bai kai ba, ɗinki biyar. An sa naman a 'yar kwalba an kai ɗakin bincike, an ce mu koma bayan mako biyu a gaya mana ko mene ne, in kuwa shi ne, kaurinsa nawa. Ba zan ɓoye muku ba, barcina bai cika ba kwanakin nan, kuma ina roƙon ku sa ta a addu'a. Ita kuwa Gwaggo damuwarta guda, akwai bikin jikarta a Hotoro ƙarshen wata. Mai kitso ta zo dubiya jiya da 'yar kwaryar fura, ta ɗaga ɗankwalin ta duba, ta ce in an warware zare za ta yi mata shuku, ta kwanto da gashin gefe bisa wurin, ba mai ganewa.

Abin da likita ya faɗa, za ku ji shi a wannan fili in Allah ya kai mu. Zancen tabon manja kuma sai mako mai zuwa.